Daga Ƙwaryar Fura Zuwa Ƙunshin Leda: Tarihin Giɓin Abinci a Ƙasar Mayahi da Tasawa

Bahaushe ya daɗe da sanin yunwa, har yakan raɗa wa kowace babbar yunwa suna kamar yadda ake yi wa jariri. Amma akwai wata yunwar da ba ta da suna guda a bakinmu, sai dai sunayen alamunta. Idan yaro ya daina gani da zarar magariba ta yi, mukan ce dundumi ne. Idan wuyan mace ya kumbura, maƙoƙo ne. Idan mai ciki ta yi fari fat, tana haki daga ɗan tafiya zuwa rijiya, sai a ce jininta ya ƙare. Idan kuwa yaron da aka yaye ya tsotse, gashinsa ya yi ja ya kwanta, ƙafafunsa suka kumbura, tamowa ke nan, ko kwamiso kamar yadda matanmu na jihar Maraɗi suka saba faɗa. A yau masana sun tattara waɗannan duka ƙarƙashin laima ɗaya, suna kiranta ɓoyayyar yunwa, wato ciki ya cika amma jiki bai samu ƴan ƙananan sinadaran da yake bukata ba: bitamin A, da sinadarin ƙarfe, da zinki, da iyod wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira aidin.

Wanda duk ya je gidan likita na karkara a gundumar Mayahi, a El Alasan Mairairai ko Kanan Bakashe ko Isawan, ya ga maganin da zamani ya kawo wa wannan yunwa: ƴan ƙwayoyi ja da shuɗi da ake matsa wa yara a baki, da ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu, da kuma ƙunshin ledar nan da mata ke kira biskit. Da yawa daga cikinmu, mu malaman makaranta da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu, mun rabu biyu a kansu. Wasu na ganin su ne alamar ci gaba, wasu na ganin kayan Nasara ne da suka zo su raina tukunyar iyayenmu. Ni a nawa ganin, ba a iya yanke musu hukunci sai an bi sawun giɓin da suka zo cikewa, a ga yaushe ya buɗe, kuma me ya buɗe shi.

Kasuwar Tasawa a 1851

A watan Janairun 1851 ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Tasawa tare da ayarin gishiri na Abzinawa. Ita ce babbar alƙaryar Hausa ta farko da ya gani bayan ƙetare hamada, kuma abin da ya rubuta ya nuna garin ya burge shi: gidaje masu inuwa, mutane masu walwala, kasuwa cike da kayan ci. Cikin abubuwan da suka ɗauki hankalinsa akwai ƙullin daudawa da manyan ƙorai cike da soyayyar fara. Shi abin mamaki ya ɗauke su. Mai ilmin abinci na yau kuwa, da zai tsaya gaban waɗannan ƙorai, cewa zai yi ga sinadarin gina jiki, ga ƙarfe, ga zinki, a farashin da talaka ke iyawa.

Ayarin da ya kawo shi ma wani darasi ne. Raƙuma na sauko da kantun gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, su koma da hatsi da tufafi. Makiyaya, Fulani da Buzaye, na sauka a gonaki bayan girbi, dabbobinsu su ci kara su bar taki, matansu su shigo gari da nono da man shanu su karɓi hatsi. Saboda haka hatsin manomi ba tuwo kaɗai yake zama ba. Wani kashi nasa yakan rikiɗa ya koma nono, wani ya koma gishiri, wani ya koma taki, takin kuma ya sake komawa hatsi.

Mu duba ƙwaryar fura ta wancan tsari. Hatsi yana da ƙarfe da zinki fiye da farar shinkafa, amma yana ɗauke da wani sinadari da ke ɗaure su, ya hana hanji tsotsarsu yadda ya kamata. Jiƙo da tsimi, irin wanda ake yi wa gasarar koko, suna sassauta wannan ɗauri. Nono kuma yana kawo abin da hatsi ba shi da shi ko kaɗan, ko yake da shi ƙalilan: bitamin A, da bitamin B12, da sinadarin ƙarfafa ƙashi, da sinadarin gina jiki mai nagarta. Miyar dare ta kuka ko lalo ko yakuwa, da daudawar kalwa ko ta batso, tana ƙara nata. Da bazara da farkon damina mata na shiga saura su tsinko tafasa da yaɗiya da gasaya da rama, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Shi kuma ɗan man da ke cikin ƙuli-ƙulin shi ne ke taimaka wa jiki ɗaukar bitamin A na ganyen, domin wannan bitamin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Yara kuwa da kansu suke nemo nasu ƙarin a daji: magarya, aduwa, kanya, ɗanya, garin ƴaƴan kuka mai tarin bitamin C, da goribar Gulbin Kaba, wannan matacciyar ƙorama da ta ratsa ƙasar Mayahi. Har maganin dundumi kakanninmu sun sani, gasasshiyar hanta, kuma babu likitan da zai ƙaryata su, domin a hanta dabba take ajiye bitamin A ɗinta. Duk wannan an yi shi tun kafin Casimir Funk ya ƙirƙiro kalmar bitamin a 1912.

Sai dai kada son gargajiya ya rufe mana ido. Wancan tsari yana tafiya ne in an yi ruwa kuma an zauna lafiya. In fari ya zo ko fara ta sauka, ko mahara suka ƙone rumbuna kamar yadda rundunar Voulet da Chanoine ta yi a kan hanyarta kafin ta watse kusa da Maijirgi a Yulin 1899, komi rushewa yake. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kashe mutane ba adadi a ƙasar Hausa, waɗanda suka tsira kuma da anza da jiga da ƙwayar ƙarangiya suka tsira. Ko a shekarar wadata ma, yaron da aka yaye farat ɗaya saboda uwar ta yi rurrutsa yakan faɗa rami, domin daga nono sai a miƙa masa ruwan fura, wanda ke cika masa ciki da ruwa kafin ya samu abin kirki. Ba mu kaɗai ba ne. Lokacin da likita Cicely Williams ta bayyana ciwon kumburin yara a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a shekarun 1930, sunan da ta ara daga harshen Ga, wato kwashiyoko, ma'anarsa ciwon yaron da ƙane ya ture daga nono. Maƙoƙo ma tsohon baƙo ne, domin ƙasarmu nesa take da teku, ƙasar nomanmu ba ta da wadatar iyod. Giɓi dai akwai shi tun da can. Abin da ƙarni na 20 ya yi shi ne ya faɗaɗa shi, ya maishe shi na kowace shekara.

Zamanin gujiya

Faransawa sun zo da haraji, harajin kuma sai da kuɗi. Hanyar samun kuɗin a wannan yanki ita ce gujiya, wadda ƴan'uwanmu na Kano ke kira gyaɗa. Bayan da aka ɗauke hedkwatar mulki daga Tasawa aka kai Maraɗi a 1927, kamfanonin Turawa suka kafa sikeli a kasuwanni, aka riƙa fitar da gujiya ta jirgin ƙasan Kano zuwa Ikko, daga nan sai matatun mai na Faransa. A farkon shekarun 1940 aka gina masana'antar mai ta Siconiger a Maraɗi. Bayan samun mulkin kai gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin Sonara a 1962 domin ya riƙe cinikin, kuma a tsakiyar shekarun 1960 gujiya ce kan gaba a duk abin da Nijar ke sayarwa waje. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda arzikin manyan ƴan kasuwar birnin ya tsiro daga wannan ciniki.

Kuɗi sun shigo ƙauye, wannan gaskiya ne. An sayi keke da atamfa, an je Makka. Amma gujiya ta tashi daga abin miya ta koma abin biyan haraji. Mafi muhimmanci, ta ci ƙasa. Gonar da a da ake bari ta huta shekaru, ta zama saura inda dabba ke kiwo kuma mace ke tsinkar ganye, yanzu sai a shuka mata gujiya. Da farin 1973 da 1974 ya zo, sa'an nan ciwon kuturtar gujiya ya biyo baya a 1975 ya share amfanin shekarar, cinikin ya durƙushe bai sake tashi kamar da ba. Saurar da aka cinye kuwa ba ta dawo ba.

Gona ta cinye daji

Dalilin rashin dawowarta jama'a ce. Ƙidayar 1977 ta samu ƴan Nijar miliyan 5 da ɗoriya. Ta 2012 ta samu miliyan 17, daga ciki miliyan 3.4 a jihar Maraɗi, fiye da rabin miliyan a gundumar Mayahi kaɗai. Ƙasar Mayahi jigawa ce, sunan El Alasan Mairairai ma ya isa shaida, ruwanta kuma ba kasafai yake wuce milimita 450 a shekara ba. Dokar 1961 ta shata iyakar da noma ba zai ƙetare ba ta arewa domin a bar wa makiyaya fili, amma gonaki suka tsallake ta. Gandun gida ya rarrabu tsakanin magada har gonar magidanci ta koma ƴar ɗirka. Burtali ya ƙuntata. Karan da a da ake barin dabbar Bafillace ta ci kyauta ya zama haja, ana tarawa a sayar. Tsohuwar amanar taki da nono ta yi sanyi, a wasu wurare ta koma gaba, kamar yadda aka gani a Toda cikin 1991, inda aka rasa rayuka fiye da 100.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe shanun manoma da na makiyaya baki ɗaya. Na farkon ya tafi har da gwamnati, domin a Afrilun 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori. Na biyun shi ne mutanenmu suka raɗa wa El Buhari, saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Bayan kowane fari gidaje da yawa ba su sake mallakar saniya ba. Akuya ce ta rage, jar akuyar nan tamu ta Maraɗi, ita ma sau da yawa ana sayar da ita da bazara a sayi hatsi. Ta haka nono ya fita daga furar talaka. Aka wayi gari ana dama fura da ruwa zalla, ko a ɗiga mata ɗan tsamin da bai wuce na dala biyar ba don a ji ƙanshi. Sunanta bai canza ba, ƙwaryar ma ita ce, amma abin da ke ciki ba shi ne na 1851 ba. A ganina wannan ita ce babbar asarar abinci da ƙasarmu ta yi a ƙarnin da ya wuce, kuma ta faru ba tare da kowa ya yi mata suna ba.

Akwai wata asarar da ta shafi mata kai tsaye. Claude Raynaut, wanda ya daɗe yana bincike a ƙauyukan jihar Maraɗi, ya bayyana yadda maigida kan rufe rumbun gandu bayan girbi ya tafi cin rani, ya bar mace ta ci da kanta da ƴaƴanta daga amfanin gamanarta. To, gamanar nan ce ke ba da wake da yakuwa da kuɓewa da riɗi, wato kayan miya. Da ƙasa ta yi ƙaranci, ita aka fara karɓewa. Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart na 2006 ya nuna yadda ake fitar da matan kudancin Nijar daga noma, har aka samu abin da ake kira kublen gona, inda mace ba a hana ta fita kasuwa ko biki ba amma an hana ta gona. Wanda ya karɓe gamana bai san cewa daga bakin yaro ya karɓe wake ba.

Abin da ya maye gurbin kuwa shi ne abin da muke kira abincin zamani: farar shinkafar Asiya, da taliya, da garin rogo, da burodi, da shayi mai sukari, da dunƙulen magi a madadin daudawa. Ba na zargin uwar gida da ta zaɓe su. Daka da surfe aiki ne mai cin awoyi, itace ya yi tsada, taliya kuwa minti goma ta nuna. Amma garin rogo kusan ƙarfi kawai yake bayarwa, farar shinkafa an kankare mata mafi yawan amfaninta, shayi kuma in aka sha shi kan abinci yana rage ƙarfen da jiki zai tsotsa. Waken da muke nomawa da yawa, wanda shi ne naman talaka, galibinsa Nijeriya yake tafiya tun da kaka, lokacin da ya fi araha.

Ƙwayoyi sun shigo

Ilmin cike giɓi da ƙwaya ko da gauraya ya girmi ƙasarmu. Suwizalan ta fara sa iyod a gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924, maƙoƙo ya ja da baya a can cikin tsara guda. Mu sai bayan taron ƙoli na duniya kan yara na 1990 abin ya iso. Binciken da aka yi a makarantun Nijar a 1994 ya samu kimanin ɗaya cikin kowane yara uku da alamar maƙoƙo, sa'an nan aka kafa dokar da ta wajabta gishiri mai iyod. Ya kamata mu malamai mu riƙe wannan da kyau: kumburin wuya shi ne ƙaramin sharrin rashin iyod. Babban shi ne abin da yake yi wa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, wanda mu ne muke tarar da shi bayan shekara bakwai, zaune a benci na baya. Kuma a nan babu wata tukunyar kaka da za ta fisshe mu, domin abin da babu a ƙasa ba zai shiga ganye ba. Gishirin gargajiya da ake aunawa a kasuwannin ƙauye ba a sa masa iyod, wanda aka sa wa ma in ya daɗe a rana a buɗe yakan rasa shi.

Labarin bitamin A ya fi daɗi. A 1986 Alfred Sommer da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Aceh ta ƙasar Indunisiya, wanda ya nuna ba yara ƙwayar bitamin A sau biyu a shekara na rage mutuwarsu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ashe dundumi ɗan aike ne kawai. Rashin wannan bitamin na raunana garkuwar jiki, ya bar ƙyanda da zawo su yi kisa. A 1997 Nijar ta haɗa rabon ƙwayar da ranakun rigakafin shan-inna, tana cikin ƙasashen farko a Afirka da suka yi haka. Shuɗiya ta ƴan wata 6 zuwa 11 ce, ja ta ƴan shekara 1 zuwa 5. Kuɗin ƙwaya ɗaya bai kai na ƙosai ba. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma lissafa bitamin A cikin dalilan, tare da gidan sauro, da kula da tamowa, da magani kyauta ga yara wanda aka fara a 2006. Wanda ke raina ƙwaya, ya tsaya ya ƙirga waɗannan rayuka tukuna.

Shekarar 2005

Damina ta 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta sauka a arewa. Gibin amfanin gona na ƙasa baki ɗaya bai kai na 1984 ba, amma farashi ya haukace: buhun hatsi mai kilo 100 ya kusa jika 30 a tsakiyar 2005, ninki biyu ko uku na abin da aka saba. Hatsi na nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Abin da ya ba duniya mamaki shi ne yaran da suka fi mutuwa ba na hamada ba ne, na Maraɗi ne da Damagaram, rumbun ƙasa. Shugaba Tandja Mamadou ya musanta cewa ana yunwa, kuma ta wata fuska ba a ga manya na faɗuwa a hanya kamar zamanin Kakalaba ba. Yara ƴan ƙasa da shekara uku ne ke tafiya, kamar yadda suke tafiya kowace damina, sai dai a wannan shekara adadin ya kai inda ba a iya ɓoyewa.

Kafin lokacin, yaro mai tsananin tamowa sai an kwantar da shi makonni ana ba shi madara ta musamman, uwar ta bar gona da sauran ƴaƴa. A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset da ke Normandi, suka haɗa wani abinci da ba ya bukatar ruwa ko wuta, ba ya kuma lalacewa da wuri, suka sa masa suna Plumpy'Nut. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, yana ba da kalori 500. A Nijar cikin 2005 aka fara amfani da shi a babban sikeli: ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a shekarar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma galibinsu a gida suka warke, uwa na zuwa awo sau ɗaya a mako. Abin da aka gani a ƙauyukanmu yana cikin hujjojin da suka sa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya a 2007. A wannan shekarar kuma aka gwada raba wani ɗan'uwansa na rigakafi ga yara kimanin 60,000 a gundumar Gidan Rumji tun kafin su kamu.

Yanzu mu buɗe ledar mu ga abin da ke ciki: markaɗaɗɗiyar gujiya, da garin madara, da mai, da sukari, da gaurayen bitamin da ma'adinai. Gujiya, madara, mai. Su ne fa abubuwa ukun da tarihin da muka bi ya zare daga ƙwaryar yaron Mayahi ɗaya bayan ɗaya. Gujiyar da kakansa ya ɗora wa jaki zuwa sikeli domin a kai Faransa, irinta ce ta dawo masa daga Faransa cikin leda, da tambarin agaji. Kamfanin STA na Yamai ya fara haɗa shi a cikin gida tun 2005, abin a yaba. Amma garin madarar daga waje ake sayowa, a ƙasar da take alfahari da dabbobi.

Iyakar leda

Biskit magani ne, kuma magani mai kyau. Matsalar ita ce yaron da ya warke cikin mako shida gida yake komawa, ga ƙwaryar da ta kwantar da shi. Shi ya sa ƙididdigar shekara-shekara ta daɗe tana nuna fiye da rabin yaran jihar Maraɗi ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, binciken lafiya na ƙasa na 2012 kuma ya samu yara 73 cikin 100 da ƙarancin jini. Ana yawan zargin iyaye mata da sayar da biskit a kasuwa ko raba shi da sauran yara. Yana faruwa. Amma a tambayi kowace uwa yadda za ta ba ɗa guda abin daɗi uku na kallo da yunwa.

Zargin jahilci ma a sassauta shi. A 2008 ƙungiyar Save the Children ta gwada ba gidaje 1,500 mafiya talauci a gundumar Tasawa kuɗi hannu, jika 60 kowane gida, kashi uku cikin watannin wahala. Ba a ga sun ruga sayen kayan ƙawa ba. Hatsi suka saya, da nono, da mai, da wake, da ɗan nama. Matan sun san abin da ya ɓace daga miyarsu. Aljihu ne bai kai ba.

Sa'an nan abin da ke hannun wani ba naka ba ne. A 2008 gwamnati ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi, a tsakiyar damina. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, wadda ke biyan babban kaso na irin wannan abinci a duniya, ƙasashe da dama suka shiga fargabar yankewarsa. Rayuwar yaron El Alasan Mairairai ta rataya ke nan ga shawarar da ake yankewa a ofisoshin da ba a taɓa jin sunan garinsu ba.

Akwai kuma ƙwayoyin da ban ga dalilin yi musu uzuri ba, su ne na cikin tire da bayan babur a ranar kasuwa. Ana sayar wa ƴan mata da amare abin da ake kira bitamin na ƙiba, har da mai laƙabin sha-ka-fashe, alhali da yawansu ba bitamin ba ne. Wasu maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki, wasu kuma irin magungunan nan ne masu tara ruwa a jiki, su kumbura fuska, su jawo hawan jini da ciwon sukari. Ko bitamin na gaskiya ma ba a shansa da ka. Bitamin A mai yawa na iya lahanta ɗan tayi, shi ya sa ba a ba mai ciki jar ƙwayar yara. Ƙwayar ƙarfe ga yara a inda zazzaɓin sauro ya yi yawa sai an haɗa da kariya daga zazzaɓin, darasin da aka koya daga gwajin tsibirin Pemba da aka buga a 2006. Ita kuwa ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki wurin awo, wadda amfaninta tabbatacce ne, sau da yawa a ƙarƙashin katifa take ƙarewa, saboda tana tayar da zuciya, ko saboda tsoron kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan aikin bayani ne cikin Hausa mai daɗin ji, kuma ƙungiyoyinmu na wasan kwaikwayo sun fi kowane allon talla iya shi.

Tsakanin leda da tukunya akwai hanyoyin da suka fi kusa da hannunmu. Ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa sun amince a riƙa sa bitamin A a man girki, da ƙarfe a garin alkama, amma wannan ya fi amfanar mai sayen man gwangwani da burodi fiye da mai auna cokali guda na man da ba a san asalinsa ba. A 2018 aka fitar da irin hatsi mai suna Chakti a Nijar, aikin cibiyar ICRISAT da INRAN, wanda ya fi hatsin da aka saba yawan ƙarfe da zinki kuma yake nuna da wuri. Shi kam cikin fura yake shiga ba tare da an canza wa kowa al'ada ba, in irin ya kai ga manomi. Zogalen Jiratawa ya riga ya zama sana'a, kwaɗonsa na cin kasuwa har Yamai.

Mafi girma duka shi ne abin da manoma suka yi da kansu. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya fara jan hankalin mutanen Maraɗi su daina tumɓuke kututture su riƙa sassabe suna barin tsiro, musamman bayan El Buhari, itatuwa sun dawo gonaki. An ƙiyasta kadada miliyan 5 da itace miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo na zubar da ganye da damina ya yi wa hatsi taki, ƴaƴansa kuma su ci da akuya da rani, lokacin da babu ciyawa. Akuyar da ta ƙoshi ita ce ke da nonon da za a tatsa. Aduwa da magarya da kuka da aka bari a tsakiyar gona suna mayar wa yaro wani abu daga dajin da gujiya ta cinye. Abin da ya rage a warware a kowane ƙauye shi ne wa ke da ikon ganyen kukar da ta tsiro a gonar miji, kuma ko matar da aka karɓe wa gamana za a bar ta ta tsinka.